Na Rage Wa Kakata Yashi Don Kada Ta Koma Gida

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Ina fatan kowa yana lafiya. Don Allah ki ɓoye sunana da duk abin da zai sa a gane ni. Ina kuma roƙon masu karatu su daure su kai ƙarshe kafin su zage ni. Na san na cancanci zagi, amma na riga na yi wa kaina wanda ya fi nasu, kuma bai gyara komai ba. Shawara nake nema. Ni 'yar makaranta ce, ina aji biyar a sakandare, muna zaune a Gwarinpa, a Abuja. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko a aji ba na ɗaga hannu ko da na san amsa, shi ya sa na ga gara na rubuto.

Ranar da aka kawo kakata daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, abin da na fara gani da na shigo daga makaranta shi ne awarwaronta. Na azurfa ne, na san shi tun ina ƙarama, kullum a matse yake a wuyan hannunta har ya yi mata shaida. Ranar nan da ta ɗaga hannu za ta shafa kaina, sai ya zame ya gangara har kusa da gwiwar hannunta. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita makonni, aka yi ta ƙarin ruwa, zazzaɓin ya tafi amma ya tafi da naman jikinta. Wannan fa matar da ke daka da kanta, ta ja ruwa a rijiya, ta yanko wa awakinta ciyawa ta ɗauko a ka. Ita ce yanzu sai an kama ta take tashi daga kujera. Babana ɗanta ne na fari, yana aiki a ma'aikatar gwamnatin tarayya. Sunanta aka sa mini, don haka Baba yana kirana Mamana, ita kuma tana ce mini Takwara.

Likita ya ce babu sauran ciwo a jikinta, tsoka ce ta zube. Ya ce tsoho idan ya daɗe a kwance naman jikinsa yana narkewa da sauri fiye da na yaro, kuma cin abinci kaɗai ba ya dawo da shi, sai an sa shi aiki, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. Sai ya haɗa mu da wata likitar motsa jiki da ta riƙa zuwa gida. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta Abuja ce, kuma ba ta da wasa, shi ya sa tun zuwanta na farko Kaka ta sa mata suna Sajan. Takan zaunar da Kaka a kujerar cin abinci, ta sa ta harɗe hannu a ƙirji, ta ce ta tashi.

“Mama, ba hannu! Kai tashi da ƙafa naka.”

“Ke 'yar nan, kin san kuwa ni na haifi mai gidan nan?”

“Na sani Mama. Shi ma idan ya tsufa zan sa shi. Oya, tashi.”

Kaka ta juyo wajena ta ce, “Takwara, tsallen kwaɗo ne kawai bai zo ba. Me na yi wa wannan makarantar taku?”

Bayan tashi-zauna akwai hawa matakalar farko ta bene da saukowa, akwai wata roba mai talewa da ake ɗaurawa a ƙofa tana ja, sannan akwai gorunan ruwa guda biyu da Sajan ta zuba wa yashi ta ce ta riƙa ɗagawa. Kaka ta ce ita da ta ƙare ƙuruciyarta da taɓarya, yau gorar yara ake ba ta, a nemo mata turmi. Baba ya ce a wannan gidan mai tayil, ga maƙwabta jikin bango, turmi ba zai yiwu ba. Gorunan suna zame mata a hannu, sai ta yaga tsohon zanenta ta ɗinka musu riga har wuya. Da Sajan ta ga mun gane kan abin sai ta daina zuwa, ta ce a kira ta idan da matsala. Kafin ta tafi ni ta kama, don ni ce ke gida bayan makaranta, Baba da Mama ba sa dawowa daga aiki sai kusan magariba saboda cunkoson hanya. Ta ce mini abu biyu ne nawa. In riƙa ƙara yashi a gorunan duk mako, sannan in bar Kaka ta yi wa kanta duk abin da za ta iya, ko da zai ɗauke ta lokaci. Ta ce, “Idan ka taimaka shi da yawa, ka kashe ƙafa nashi.” Na ce to.

A gabana Baba ya yi wa Kaka alkawari. Ya durƙusa kusa da kujerarta ya ce, “Inna, ranar da kika tashi daga tabarma ba wanda ya kama ki, kika ɗauki butarki kika kai ta bayi, ni da kaina zan mayar da ke gida.” Kaka ta ce, “Ka ji da bakinka. Takwara ce shaida.” Ba ta son Abuja. Ta ce gari ne da ba a jin kukan zakara sai kukan janareto, kowa ya kulle kansa kamar mai laifi, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Tana son ɗakinta, da awakinta, da kuɓewar da take shukawa a bayan gida, da ƙawarta da suke zaman tsinkar zogale tun suna amare.

Ni kuwa, Anti, gaskiya ban taɓa jin daɗin gidanmu kamar lokacin nan ba. Yayyena maza suna jami'a. A da idan na dawo makaranta mai aiki ta miƙa mini mabuɗi ta tafi, shi ke nan ni da bango sai dare. Iyayena mutanen kirki ne, ba abin da na rasa, amma idan sun dawo a gajiye suke, kowa da wayarsa. Kaka ce mutum ta farko da ta lura cewa ina lura. Nakan gaya mata cewa malamin lissafinmu yana goge takalmi ɗaya a bayan wandonsa kafin ya shigo aji, ko cewa mai gadin getinmu yana rage murya idan zai gaida masu babbar mota, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Wannan ido naki, Allah ya sa kada ki ga nawa asirin.” Ina tsefe mata kai, tana ba ni labarin Baba yana yaro. Wa zan gaya wa irin wannan a makaranta? Su wa ma suka san muryata?

Da farko na yi abin da Sajan ta ce. Ina tsayawa gefe, hannuna a baya, ina kallon Kaka tana fama da kujera, jijiyar wuyanta ta fito, tana nishi, ni kuma ina ƙirga mata. Abin yana mini wuya, don tun ina ƙarama aka koya mini cewa babba ba ya miƙa hannu ga abu ina wurin. Amma ta fara samun ƙarfi. Wata rana ƙanwar Baba, Goggo, ta zo daga Kaduna da ƙawayenta dubiya. Suna falo Kaka ta yunƙura za ta je alwala, ta ɗauki buta da kyar tana jan ƙafa, ni ina binta a baya ban karɓa ba. Goggo ta daka mini tsawa a gaban baƙi.

“Ke! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Kakarki na ɗauke da buta kina binta kamar 'yar rakiya? Haka ake renon yara a Abuja?”

Na buɗe baki in ce likita ce ta ce, maganar ta ƙi fita. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, “'Ya'yan boko ke nan.” Na karɓi butar, kunya kamar ƙasa ta tsage. Kaka ta ce su ƙyale ni, horo take, amma ba wanda ya saurare ta, Goggo ma cewa ta yi wane horo ga tsohuwa, ai hutu ya kamace ta. Ban kawo wannan don in ɗora wa Goggo laifina ba. Na kawo shi ne don a ranar na gane cewa idan na yi wa Kaka komai, ba wanda zai ga laifina, yabo ma zan sha.

Bayan 'yan makonni na dawo daga makaranta na tarar da Kaka a tsaye a kicin, ta jiƙa wake tana surfawa a roba. Ta ce, “Takwara, yau daga bakin gado na tashi ban dafa komai ba. Saura tabarma. Kafin ruwan farko ina gida.” Fuskarta kamar ta yarinya ranar sallah. Na ce Alhamdulillahi, na shiga ɗaki na zauna da kayan makaranta a jikina. Na hango falon nan ba ita. Na hango mabuɗi a hannuna. Ban zauna na shirya mugunta ba, wallahi, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Makon nan dai ban ƙara yashi ba. Na ce ai mako ɗaya ba komai ba ne, ta ɗan ƙara kwana biyu da mu. Mako na gaba na kwance bakin gorunan na zubar da kaɗan a gindin fulawa. Da na ji sauran yana motsi a ciki, sai na ɗebo garin katako wajen kafintocin bakin geti na cika gurbin da shi. Rigar da ta ɗinka musu ta rufe komai. Haka na riƙa yi, yashi na raguwa, garin katako na ƙaruwa, ina ce mata na ƙara nauyi.

Takan ɗaga su sama ta ce, “Kin ƙara kuwa? Yau kamar auduga!”

In ce, “Na ƙara, Kaka. Ƙarfi ne ya zo.”

Ta ce, “To a gaya wa Sajan ta zo mu yi kokawa.”

Ban tsaya a gorunan ba. Wajen tashi-zauna na ɗora matashi a kan kujerar don ta ƙara tudu, na ce don kada ƙashinta ya yi ciwo. Na riƙa sa hannuna a ƙarƙashin gwiwar hannunta kamar ina gyara mata mayafi, ina ɗaga ta. Da Turanci Sajan ke ƙirgawa, ni ma da shi na ci gaba, Kaka ba ta jin sa, sai na riƙa tsallake lambobi. Idan ta yi nishi sau ɗaya sai in ce, “Kaka kin gaji, mu bari sai gobe.” Robar ƙofa na ce ta tsinke. Na daina bari ta je alwala, ina kawo mata buta da roba har gaban gado. Ta kalli kofi, ya iso hannunta. Ta nemi carbi, na riga ta. Ta taɓa cewa tana so ta gwada sallah a kan darduma, na ce kada jiri ya ɗebe ta ba kowa a gida, na jawo mata kujerar roba. Idan Baba ya dawo ya ce, “Mamana, an yi horo yau?” in ce an yi. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Mama tana gaya wa abokan aikinta a waya cewa ba ta san ina da hankali haka ba. Goggo ta aiko mini da atamfa. Kaka kanta bayan kowace sallah sai ta kama hannuna ta tofa mini addu'a, ta ce Allah ya ba ni mai yi mini kamar yadda nake mata. Anti, kin san yadda wannan addu'ar take a kunnena? In ce amin, ko kada in ce?

Abin ya fashe ne a Ushafa. Kaka ba ta shan ruwan firij, ta ce yana kama mata haƙori, ta daɗe tana son tulu. Wata Asabar Baba ya ce mu je can inda ake ginin tukwane ta zaɓa da kanta, ta sha iska. Tun a mota take murna, ta sa zanenta mai kyau, ta raɗa mini cewa yau za ta nuna wa ɗanta abin mamaki. Ban gane me take nufi ba sai da muka isa. Akwai wata tsohuwa a wurin, ina jin ta girmi Kaka, ba haƙori a bakinta, ta tsuguna tana cuɗa yumɓu, ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba, ta saɓa wata babbar tukunya a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke yi, ta kawo mana. Suka gaisa da Kaka suna tsokanar juna, tsohuwar tana cewa, “Hajiya, kai ɗauka ko ni kai maka mota?” Kaka ta ce, “Ke da wa? Ajiye nan ki gani.” Ta zaɓi wani tulu madaidaici. Baba ya miƙa hannu, ta buge hannun.

“Matsa. Wata nawa ina ɗaga yashi? Tambayi Takwara, jiya ma ta ƙara mini.”

Baba ya kalle ni. Na gyaɗa kai.

Ta sunkuya, ta kama wuyan tulun da hannu biyu, ta ɗaga shi ya bar ƙasa kaɗan. Na ga hannuwanta suna rawa. Na ga gwiwoyinta sun lanƙwashe a hankali, kamar ba nata ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, tulun ya gangara gefe, ko fashewa bai yi ba. Ba ta ji ciwo ba. Amma ta yunƙura ta tashi ta kasa, ta sake yunƙurawa ta kasa, ɗankwalinta ya zame, mutane suka taru ana sannu Mama, sannu Mama. Baba ne ya ɗauke ta cak kamar jaririya ya kai ta mota. Tsohuwar nan ta biyo mu da tulun, ta daina dariya. Muka kama hanyar gida. Can Kaka ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, “Ashe tsufa ba ya jin horo.” Baba ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu. Yarinyar nan ba ranar da ta fasa.” Ina bayan mota, na manna fuskata a gilashi. Me ya hana ni magana a lokacin? Kalma nawa ce? Na rage yashin. Shi ke nan fa. Amma ni da ban iya cewa likita ce ta ce a gaban Goggo ba, ina zan iya wannan?

Tun ranar Kaka ta ce a ɗauke mata gorunan daga gabanta. Na ce wa Baba ko a kira Sajan, muryata can ƙasa, rabin zuciyata na fatan kada ya yarda, don ita tana ɗaga gorar za ta gane. Ya ce a bar tsohuwa ta huta, an wahalar da ita ya isa. Yanzu ko tashi daga bakin gadon da take yi ya gagara. Abin da nake yi da gangan a da, yanzu dole ne. Da asuba ni ke ɗaga ta, in kai ta bayi, in jira a bakin ƙofa, in ɗago ta, in yi mata alwala, in sa mata kaya, sannan in yi shirin makaranta a guje. Bayana yana ciwo. Ina gyangyaɗi a aji, sakamakona ya faɗi, malamar ajinmu ta tambaye ni ko lafiya na ce lafiya. Cinyoyinta da nake shafa wa man zafi sun zama kamar hannuna. Idan na ɗaga ta ina jin yadda take ƙara sakin jikinta a kaina, kowane mako fiye da na baya.

Kuma abin da na yi duk wannan dominsa, ban samu ba. Tana nan a gidan, amma ba ta nan. Ranar nan na gaya mata cewa mai gadi ya rina gemunsa ya bar gefe ɗaya fari, ta ce, “Allah sarki,” ta juya ga bango. Ba ta tsokanata. Ba ta tambayar ko an yi ruwa a gida. Ƙwai da kifin da likita ya ce ta riƙa ci, sai ta taɓa ta ture, ta ce wanda ba ya aikin komai me zai yi da abinci. Na riƙe ta kamar yadda na so, ga shi ina zaune kusa da ita ni kaɗai kamar da, sai dai yanzu da nauyinta a kafaɗata da kuma abin da na sani.

Na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Na karanta cewa ko wanda ya fi ta tsufa yana iya dawo da ƙarfinsa idan ya ci gaba da motsa tsokar, ba a makara gaba ɗaya. Na ce to bari in koma yadda Sajan ta ce, ba sai kowa ya sani ba. Shekaranjiya da la'asar ta ce in miƙo mata carbinta, yana kan tebur, taku kaɗan daga gado. Na tsaya. Na ce, “Kaka, ki gwada tashi ki ɗauko. Ina nan kusa.” Ta kalle ni. Sannan ta ce a hankali, ba faɗa, “Ke ma kin gaji da ni ko, Takwara? Ba laifinki ba ne. Kin yi abin da ko 'yar cikina ba ta yi ba.” Na ɗauko carbin na ba ta, na shiga bayi na buɗe famfo don kada ta ji kukana. To ta yaya zan sa ta tashi alhali ta yarda cewa ta yi horo da gaske bai yi aiki ba? Ba za ta sake gwadawa ba sai ta san cewa garin katako ta yi ta ɗagawa. Kuma ba mai gaya mata sai ni.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne Baba ya yanke shawara. Ya yi waya da Goggo da sauran 'yan'uwansa, sun amince Kaka ta zauna a Abuja ke nan. Ranar Asabar mai zuwa zai je ƙauye ya kwaso kayanta, ya raba awakinta ga dangi, ɗakinta kuma a ba wani ɗan ƙaninsa da zai yi aure. Ya ce daga can zai biya ya sayo keken marasa lafiya. Da ya gaya wa Kaka, cewa kawai ta yi a ba ƙawarta jar akuyar, ita ta san halinta. Idan aka raba awakin aka ba da ɗakin, ko ta tashi daga baya, ina za ta koma?

Na san wasu za su ce in faɗa kawai. Ni ma na gaya wa kaina haka. Amma ina tunanin fuskar Baba, mutumin da ke kirana da sunan uwa, idan ya ji cewa duk albarkar da ya sa mini a kan ƙarya ce, kuma ni na sa mahaifiyarsa ta zauna a ƙasa a gaban mutane. Ina tunanin Goggo, da yadda labarin zai zaga dangi har in tsufa. Wanda ya fi duka, ina tunanin Kaka. Idan ta ji, ko dai ta tashi ta koma gida tana ƙina, ko kuma abin ya karya mata zuciya ta ƙi tashin ma gaba ɗaya. Ta kowace hanya na rasa ta. Idan kuma na yi shiru, za ta ci gaba da yi mini addu'a a kan keke har ƙarshen ranta. Na gaji, Anti. Na gaji da ɗaga ta, na gaji da yabon da ake mini, na gaji da kaina.

Yau da safe Baba yana ɗaura takalmi zai fita, na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago kai. Na ce, “Baba, don Allah kada ka je ranar Asabar. Kada a raba awakin tukuna. Kuma ka kira Sajan ta dawo.” Ya ce, “Me ya faru, Mamana?” Na ce zan gaya masa ranar Juma'a idan ya dawo daga masallaci. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce, “To, Allah ya kai mu. Ina jiran ki.”

Yanzu ba ni da wurin gudu. Wa zan fara gaya wa, Baba ko Kaka? In faɗi dalilin da ya sa na yi, ko in tsaya a kan abin da na yi kawai? Akwai yadda ake faɗa wa tsohuwa irin wannan magana ta ji haushi har ta miƙe, ba ta karye ba? Don Allah iyaye da yayye na wannan shafi, musamman waɗanda suka yi jinyar tsoho, ku taimake ni kafin Juma'a. Me zan yi?